Zaure, Dillali da 'Yar Talla: Yadda Kano Ta Daɗe Tana Aiki Daga Gida

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka garƙame makarantu da ofisoshi, wata muhawara ta samu gindin zama tsakanin ɗaliban manyan makarantunmu, musamman 'yan ajin ƙarshe masu hangen abin da zai biyo bayan bautar ƙasa. Wasu na ganin babu abin da ya kai mutum ya mallaki kwamfutarsa, ya zauna a ɗaki yana yi wa wani kamfani na Legas ko na ƙetare aiki, ana turo masa kuɗinsa ta asusu, ba kuɗin mota, ba rusuna wa oga da safe. Wasu kuma na cewa yaudarar kai ce kawai: wa zai yi aikin kirki a inda ake ɗauke wuta ba sallama, ƙanne na hayaniya, uwa kuma tana iya ɗaga labule a kowane lokaci ta ce a je a sayo mata gawayi? Iyaye sun fi karkata ga na biyun. A wurinsu wanda bai fita da safe ya dawo da yamma ba zaman kashe wando yake yi, in kuwa aka gan shi da kuɗi alhali kullum yana ɗaki, sai a fara raɗe-raɗin ko ya shiga damfarar intanet. Ɓangarorin biyu sun yi tarayya a abu guda, wato ɗaukar aiki daga gida a matsayin baƙon abu da zamani ya kawo. A Kano kuwa ofis ne baƙo. Birnin ya shafe ɗaruruwan shekaru yana tufatar da al'ummai na nesa da na kusa daga cikin tsakar gida da zauruka, kuma tarihin yadda ya yi hakan ya nuna cewa ingancin aikin gida ya rataya ne a kan wasu mutane da wasu ƙa'idoji da suka haɗa gidan da kasuwa. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya tsinke, aikin kan durƙushe komai ƙwazon wanda ke zaune a ɗaki.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000, adadin da kan ninka da rani in ayarori sun sauka. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya bi sawun yadin Kano har Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, Tumbuktu ta yamma, Borno ta gabas, da Adamawa ta kudu maso gabas, ya kuma ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa waje a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba. A lissafinsa iyali guda na iya rayuwa cikin wadata, ci da sutura, da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, wato kuɗin tufafin da ake fitarwa kaɗai sun isa riƙe gidaje dubu biyar zuwa shida. Ƙiyasin matafiyi ne, ba ƙididdigar hukuma ba, amma ko an rage rabinsa ya isa a jinjina. Barth ya fito daga Turai a daidai lokacin da manyan masaƙun Ingila ke haɗiye maza da mata da ƙananan yara daga asuba zuwa dare, saboda haka ya lura da abin da ɗan gari ba zai ga abin mamaki a ciki ba: duk wannan dukiya ana samar da ita ne ba tare da an raba mutane da gidajensu ba. Ya rubuta hakan cikin sha'awa, har ya ɗauki Kano cikin ƙasashen da suka fi kowa sa'a.

Yana da kyau a bi riga guda tun daga gona don a ga yawan hannayen da take ratsawa. Audugar da aka tsinta da kaka takan shiga cikin gida wurin mata. Su za su gurje ta a kan dutse da magurji don fitar da gurya, su shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sannan a zauna kaɗi, mazari na juyawa a cikin 'yar tasa, ana dangwalar alli da yatsa don kada zaren ya zame. Siririn zare daban, abawa daban, kowanne da kuɗinsa. Daga nan zaren ya fita zuwa wurin masaƙi, wanda kan kafa masaƙarsa a ƙofar gida ko gindin bishiya, ya miƙe zaren tsaye mai nisa ya ɗaure a kunkuru, yana jefa ƙoshiya yana jawo nauyin a hankali. Abin da yake fitarwa siraran sawaye ne, sai maɗinki ya harhaɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya kafin su zama zane ko riga. In turkuɗi ne ko kore, sai marina, a tsoma a karofi cikin ruwan baba da toka, a cire a shanya a sake tsomawa har ya yi baƙi ƙirin. Sai mabuga su ɗora shi a kan gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta dukansa da tabare har ya ɗauki sheƙin da Buzaye ke biyan kuɗi mai yawa dominsa. Garin Kura ya yi suna a wannan har yadin ya ɗauki sunansa. In kuma rigar ado ce, malami ne sau da yawa kan zana aska biyu ko aska takwas, gardawa da almajirai su zauna watanni suna cike zanen da allura tsakanin karatun safe da na yamma. Ɗalibin Kano mai neman abin kansa daga inda yake zaune, ke nan, ya girmi jami'a da shekaru aru-aru. Kuma a duk wannan jerin babu wani mutum guda da ke tsaye a kansu da agogo ko rajistar sa hannu.

Abu na farko da ya sa hakan ya yiwu shi ne fasalin gidan kansa. Gidan Bahaushe na gargajiya yana da zaure, ɗakin da ƙafarsa ɗaya ke waje ɗaya ke ciki. Baƙo na iya shiga ba tare da ya keta hurumin iyali ba, yara kuma sun san in maigida yana zaure da mutane ba a damunsa da ƙananan maganganu. A nan maɗinki ke shimfiɗa tabarma da yaransa, a nan baduku ke yankan fata, a nan malami ke ba da karatun littattafai ga manya bayan sallar asuba, kamar yadda aka san unguwar Madabo da shi, a nan kuma marubuci ke kwafar Alƙur'ani da tawada da alƙalamin kara. Attajiran goro masu zuwa Gwanja ba su da wani ofis in ban da zaurukansu. A nan ake raba wa yaran gida jari, a nan suke dawowa su ba da lissafi, kuma a wannan tsarin ne Alhassan Ɗantata ya taso kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. Unguwanni irin su Soron Ɗinki da Dukawa da Takalmawa sun tara masu sana'a iri ɗaya maƙota da juna, ta yadda wanda zarensa ya ƙare ko aiki ya yi masa yawa ba ya bukatar wuce lungu biyu. Ɗalibin da ke kukan cewa gida ba ya aikatuwa yana zaune ne galibi a gidan haya ciki da falo, ko ɗakin samari da mutum huɗu ke kwana, a unguwar da babu wanda ya san irin aikin da yake yi. Kukansa gaskiya ne, sai dai abin da ya rasa zaure ne.

Abu na biyu shi ne amana, kuma a nan Kano ta yi dabarar da ta cancanci a tsaya a kanta. Matsalar duk wani aiki da ake yi ba a gaban idon mai biya ba ita ce yadda za a tabbatar ba a yi algus ba. 'Yan kasuwar Ingila da ke raba wa masaƙa ulu da auduga a gidajensu sun yi ta kukan satar zare da jinkiri, kuma son sa ido a kan ma'aikaci na cikin abin da ya tura su tara mutane ƙarƙashin rufi ɗaya, baya ga injin da ruwa ke juyawa irin wanda Richard Arkwright ya kafa a Cromford a 1771. Kano ba ta bi wannan hanya ba. Hugh Clapperton, wanda ya zo a 1824 zamanin Ibrahim Dabo, ya ba da labarin cewa a kasuwar Kurmi ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗin da aka sayar. In mai saye ya kai kayan har Borno bai buɗe ba, ya buɗe ya tarar ba su kai yadda aka ce ba, sai ya mayar da su Kano, dillali ya nemo wanda ya ba shi, dokar gari kuma ta tilasta a mayar da kuɗi. Sarkin kasuwa na nan, alƙali na nan. Da wannan 'yar takarda mai saye a Borno ya samu hanyar kama masaƙin da bai taɓa gani ba, masaƙin kuma ya san sunansa da na dillalinsa su ne jarinsa. Ba a sa ido a kan awannin da mutum ya yi a zaune. Kayan da ya fitar ake aunawa, kuma akwai wanda za a riƙe in sun ɓaci. Dillali yana cin la'adarsa, wani lokaci har ya cuci mai kaya, amma shi ne ke kawo labarin farashi, ya nemo mai saye, ya tsaya wa baƙo, ya karɓo bashi.

Abu na uku, wanda ya fi shafar ɗalibi kai tsaye, shi ne koyo. Babu wanda ya fara sana'a shi kaɗai a ɗaki. Yaron maɗinki yakan yi shekaru yana zura zare a allura, yana kai saƙo, yana kallon yadda maigida ke yanka wuyan riga da yadda yake lallashin mai kayan da aka saɓa wa alkawari. Yarinya takan koyi kaɗi a gefen kakarta, ta tsinka zare sau ba adadi kafin hannunta ya faɗa. Gyara yana zuwa nan take, wani lokaci da tsawa, wani lokaci da ranƙwashi, kuma yaro yana jin hirar manya kan wane dillali ne mai gaskiya, wane ne ba a ba shi kaya bashi. Ranar da aka yaye shi yana fita ne da hannu da suna da kuma mutane. Gidan da Barth ya yaba wurin aiki ne cike da jama'a, inda ƙwararre da ɗan koyo ke zaune kan tabarma ɗaya. Wannan ya sha bamban da saurayin da ya rufe ƙofa da belun kunne yana jiran saƙo daga wani shugaba da bai san muryarsa ba, ko da yake duka biyun ana ce musu aiki daga gida.

Mai gardama zai ce an ƙawata labarin, kuma yana da hujja. Arahar yadin Kano ba daga hikimar tsari kaɗai ta fito ba. Kaso mai yawa na auduga da baba da hatsin da suka ciyar da masu sana'a bayi ne suka noma su a rumada da gandayen sarakuna da attajirai, irin na Fanisau da kewayenta, kuma bautar ba ta ƙare a doka ba a Arewacin Nijeriya sai 1936. Ladan kaɗi kuwa ƙanƙane ne ainun. Mace kan yi kwanaki tana murza mazari kafin ta tara zaren da zai sayi abin kirki. Duk wanda ya ce a koma wancan zamani bai san abin da yake faɗa ba. Haka kuma ba komai ake yi a gida ba. Rini yana bukatar ramuka masu zurfi da aka shafe da laso, da ruwa mai yawa, ga wari, don haka aka ware karofi kamar na Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da ƙarshen ƙarni na 15, inda marina da yawa ke aiki gefe da gefe. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna yadda a ƙarni na 19 masu kuɗi suka mallaki karofi da yawa suna ɗaukar ma'aikata. Jima ma tana da majemarta, ƙira tana da maƙerarta. Sai dai wannan gyaran bai rushe hujjar ba, ƙara mata ƙarfi ya yi. Kanawa ba su yi taurin kan cewa dole kowane aiki a yi shi a gida ba. Sun rarrabe: abin da hannu ɗaya da natsuwa ke iya yi ya zauna a ciki, abin da ke bukatar kayan aiki masu tsada ko ƙarfin jama'a ya fita dandalin unguwa.

To daga ina raina aikin gida ya samo asali? Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka zo da irin aikin da ba a saba da shi ba, mai lokacin shiga da na tashi da albashi a ƙarshen wata. Makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, da Kwalejin Katsina da ta biyo baya a farkon shekarun 1920, sun fara yaye malamai da akawuna da ma'aikatan En'e, mutanen da darajarsu ta haɗu da teburi da fayil. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta mamaye gonaki. Abin lura shi ne masaƙan gida ba su faɗi nan take ba. Ƙungiyar Ingila mai neman auduga don masaƙun Lankasha ta yi tsammanin ƙasar Kano za ta cika mata jirage, amma ta sha kaye shekara da shekaru domin masu kaɗi da saƙa na gida sun fi ta sayen audugar da daraja. Sai a hankali atamfa da akoko na waje masu araha, da zaren inji, suka cinye kasuwar. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna, wasu suka biyo baya a can da kuma Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Da kuɗin mai suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, sai magana ta ƙare: mai aiki shi ne mai albashi, mai albashi kuma shi ne wanda ke fita da safe. Tambayar da iyayen yarinya ke yi wa manemi, a ina yake aiki, ta ɗauka tun farko cewa aiki wani wuri ne da ake zuwa.

Wani zai ce ai tarihi ya riga ya yanke hukunci, tun da masana'anta ta kayar da masaƙin ƙofar gida. Amma abin da ya kayar da shi inji ne, kuma inji ya tara mutane wuri ɗaya ne saboda ƙarfin da ke juya shi a wuri ɗaya yake, ba don an gwada an ga mutum ya fi himma in an raba shi da iyalinsa ba. Sannan nasarar ba ta yi ƙarko ba. Masaƙar Kaduna ta 1957 ta rufe a 2002, babbar maƙwabciyarta UNTL ta bi sahu a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida ba sallama mai kyau, saboda rashin wuta da tsadar baƙin mai da yadin waje da ya cika Kantin Kwari. Ɗinkin hula da hannu kuwa yana nan. A birnin Zariya ma, da kaɗi ya mutu, mata suka karɓi ɗinkin babbar riga wanda a da aikin maza ne, suna yi a cikin gidajensu.

Matan aure su ne suka riƙe wannan al'ada ba yankewa, kuma labarinsu ne ya fi fito da hujjar fili. Kulle ya yaɗu ne sosai a ƙarni na 20, har a ƙauyuka, bayan bauta ta gushe kuma barin aikin gona ya zama alamar 'yanci da mutunci. Tarihin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a wajejen 1950 ya nuna rayuwar matan da suka ga wannan sauyi. Jami'an mulkin mallaka da masu ƙidayar da suka gaje su sun riƙa rubuta irin waɗannan mata a matsayin marasa aiki. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta tarar da akasin haka: cinikin hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci yana gudana daga gida zuwa gida, matan da ba sa fita sun san farashin mudu a kowane lungu, suna gasa da juna, suna ba da bashi, har miji kan sayi abu a hannun matarsa da kuɗinsa domin dukiyarta tata ce a shari'a. Ga adashi da ke tara jari, ga biki da ke juya kuɗi tsakanin ƙawaye, ga dillaliya, yawanci tsohuwa ko bazawara, mai shiga gida-gida da ƙunshin zannuwa da kwanuka. A birni kuwa gurasar da ake ci a kasuwanni daga tanderun cikin gidaje take fitowa.

Amma wa ke fitar da kayan? Yara. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matar kulle tana tsaye ne a kan ƙafafun yaro ko yarinya: su ke sayo kayan haɗi, su kai niƙa, su ɗauki faranti su zaga da talla, su dawo da ciniki da labarin abin da maƙwabciya ke sayarwa. Matar da ba ta da yaro a hannu kan karɓi riƙon na 'yan'uwa, in ba haka ba ta koma ƙananan ayyuka marasa riba kamar surfe da ɗinkin hula na lada. Ribar talla kuma ita ke sayen kayan ɗakin yarinyar. Da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai makaranta da talla suka shiga takara a kan awannin yarinya guda, kuma wani ɓangare na ƙin boko da aka riƙa dangantawa da jahilci lissafin tattalin arziki ne tsagwaronsa. Ba a faɗi haka don kare talla ba. Yarinyar da ke yawo tasha-tasha da faranti har dare tana biyan farashin da bai kamata a ɗora mata ba, a karatunta da kuma lafiyarta. Abin nufi shi ne duk aikin da ake yi a ɗaki akwai wanda ke yin zirga-zirgarsa a waje, kuma sau da yawa shi ne mafi rauni a gidan.

Da wannan ma'auni za a fi fahimtar abin da ɗalibai suka gani a 2020. A ƙarshen watan Maris gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida, alhali aikin yawancinsu yana cikin fayil ɗin takarda da ke kulle a kabad ɗin ofis. Abin da ya biyo baya hutu ne da aka sauya wa suna. Jami'o'in gwamnati kuwa, baya ga rufewar annoba, ƙungiyar malamai ta ASUU ta shiga yajin aiki daga Maris har Disamba, don haka mafi yawan ɗalibansu ko darasin intanet ɗin ba su samu ba, sai 'yan firamare da sakandare da wasu jihohi suka shirya wa darussa ta rediyo. Wanda ya yi wata tara yana kwana yana tashi, yana kallon yayansa ma'aikaci na karɓar albashi a kan katifa, ba laifinsa ba ne in ya yanke cewa aiki daga gida wasa ne. Amma abin da ya gani ba gwaji ba ne, domin an tura mutane gida ba tare da ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa aikin ya yiwu ba.

Inda aka yi gwaji na gaskiya, sakamakon ya yi kama da abin da tarihin Kano ke nunawa. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun bi ma'aikatan amsa waya na kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a Shanghai tsawon wata tara, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu a gida wasu a ofis. Na gida sun fi yawan aiki da kashi 13 cikin ɗari. Sai dai aikin amsa waya abu ne mai sauƙin aunawa, kamar sawayen masaƙi, kuma waɗanda aka bari su shiga gwajin sai da aka tabbatar sun daɗe a aikin, suna da intanet da ɗaki na kansu. Duk da haka ƙarin girma ya ragu a cikinsu, kuma da aka ba su zaɓi bayan gwajin kusan rabi suka koma ofis, da yawa saboda kaɗaici. Wato ƙwararren da ke da zaurensa, aka kuma san yadda za a auna kayansa, ya ci riba. Ɗalibin da zai fita jami'a bana ba ya cikin wannan rukuni, domin shi ɗan koyo ne.

Saura hujjar da masu goyon baya suka fi ji da ita, cewa intanet ta share bukatar duk waɗannan 'yan tsakiya. Ta share wasu, ta sake wa wasu kama. Matar da ke sayar da turaren wuta ko yaji ko atamfa ta WhatsApp da Instagram daga cikin gidanta a Kano ta maye gurbin 'yar talla da ɗan aike mai babur ko adaidaita sahu, kuɗi kuma na shigo mata ta waya, kuma wannan ci gaba ne na haƙiƙa tun da 'yarta na iya zama a aji. Shafukan da ke haɗa masu zane da rubutu da haɗa manhaja da masu ba da aiki na ƙetare dillalai ne sak: suna riƙe kuɗi har a gama aiki, suna cire la'ada, taurarin da mai saye ke bayarwa kuma su ne takardar cikin ƙunshi. Bambancin shi ne dillalin Kurmi ana iya kai shi gaban alƙali, wannan kuwa in ya rufe asusun mutum babu zauren da za a je a yi masa sallama. Wuta da data kuma mai aikin ne ke saye daga aljihunsa, abin da a ofis kamfani ke ɗauka. Zaure ma ya fara dawowa a siffar wuraren aiki na haɗaka da ake biya a zauna saboda sola da intanet, waɗanda suka fi kama da karofi, kowa da raminsa amma ana ganin hannun juna. Wanda har yanzu ba a samo madadinsa ba shi ne maigidan da ke zaune kusa yana ganin kuskure tun kafin ya yi nisa. Bidiyon koyarwa yana nuna yadda ake yi, amma ba ya duba aikin mai kallo, kuma kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata daga nesa sun fi neman wanda ya riga ya yi shekaru yana aikin a wani wuri.